Raken Inna da Tukunyar Gas

Har yau akwai masu cewa mu muka yi sakaci da Inna, wai mun bar tsohuwa mai ciwon ƙirji ta koma shaƙar hayaki saboda rake. An faɗa a gidan biki, an faɗa a gidan suna, sau ɗaya ma ina zaune a wurin. Ban tanka ba, don Malam, maigidana, ya roƙe ni in riƙa riƙe bakina a cikin mutane. To amma bai ce kada in rubuta ba.

Inna mahaifiyata ce. Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Gwaram. Asalinmu masu shanu, amma tun ina ƙarama shanun suka ragu, noma ya rinjaya, Fulatancin ma ya gudu daga bakinmu sai 'yan kalmomi. Cikin abin da ya rage akwai Hamma, wato yadda muke kiran babban wanmu. Shi ya riƙe gida bayan rasuwar Baffa, mahaifinmu. Ni kuwa aure ya kai ni Birnin Kudu, gidan malamai, inda nake koyar da 'yan mata a Islamiyyar gidan.

Muna da fadama a bakin rafi. Kusan duka Hamma ke nomawa, masara rani da damina. Amma can ƙarshe, inda hanyar ruwa ta tsaya, akwai wani ɗan zirin fili da ba mai taɓawa, nan ne raken Inna. Da irinsa ta zo daga gidan ubanta, 'yan gaɓoɓi a ƙunshe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a cikin kayan aurenta. Farin rake ne mai taushi, ko yaro mai famfara zai iya ɓare shi. Wanda bai san noma ba sai in gaya masa, rake ba shi da ƙwaya da za a zuba a tulu a ajiye kamar gero. Gaɓarsa ake dasawa. Idan ya mutu a gona gaba ɗaya, to irin ya tafi ke nan, sai dai labari.

Inna ba ta taɓa sayar da ko sanda ɗaya ba. Kyauta take yi da shi. Duk wanda ya shiga ɗakinta lokacin rake, mai gaisuwa ne, mai neman aron turmi ne, ko wanda ya yi ɓatan hanya, ba zai fita hannu wofi ba. Idan an yi haihuwa a ƙauye, dami guda na Inna ne. Ita kuwa rabonta da shan rake tun haƙoranta na gaba suka zube, kuma an daɗe.

Maganar gas ta samo asali ne daga tari. Inna ta shekara tana tari, muna cewa mura ce, har ranar da na ga ta kasa kai sallama ƙarshe sai da ta huta. Na kawo ta babban asibitin Birnin Kudu. Likita ya saurari ƙirjinta, ya tambaye ta da me take girki, ta ce da abin da uwarta ta yi, kara da kandilo, wato busasshen kashin shanu. Ya ce to hayakin nan shi ne ciwonta, ta rabu da shi. Matar Hamma tana dafa wa gida, kuma ba ta taɓa hana Inna komai ba, amma Inna ta ce ita ba za ta daina ɗora tukunyarta ba tana da rai. Sai na ɗauki adashena na sayo mata tukunyar gas da kan girki. Da farko ta ce in fitar mata da bom daga ɗaki. Da ta ga ruwan fura ya tafasa kafin ta gama alwala, sai ta ɗinka wa tukunyar riga da tsohon zanenta.

Haka muke har shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi.

Injin ban ruwan fadamarmu Baffa ne ya bari, saboda haka na gida ne. Ƙa'idar da ya kafa ita ce inji na kowa, amma kowa da mansa. Wanda ya zuba fetur a tanki shi ke da ruwan. Shekara da shekaru Hamma idan ya gama ba masararsa sai ya buɗe hanya ruwa ya gangara wa raken Inna, ba wanda ya taɓa lissafa wannan. A ranin shekarar nan kuwa, da zafi ya fara kankama, sai ya daina. Ya zo ya tsuguna ya gaya mata da bakinsa, bai ɓoye ba. Ya ce rake shan ruwa gare shi kamar raƙumi, fetur ɗin da zai kai ruwa can ƙarshen fili ya isa ya shayar da fangali da yawa na masara, kuma masara ake tuƙawa a gidan. Ya ce ta haƙura bana, idan raken ya bushe zai huɗe wurin ya sa masara, duk abin da aka samu nata ne. Inna ta ce masa ta ji. Duk wanda ya san Inna ya san idan ta ce ta ji, to ba ta ji ba.

Ni ban san ana wannan ba. Wata Alhamis da muka yi hutu na hau mota na tafi gaishe ta. Tun daga ƙofar gida ƙaurin hayaki ya tare ni. Ina shiga na same ta durƙushe gaban murhu, tana hura kara da bakinta, ta hura ta yi tari, ta hura ta yi tari, hawaye na bin kumatunta. Wallahi jakata faɗuwa ta yi daga hannuna.

Na ce, "Inna! Ina tukunyar?"

Ta ce, "Ba gaisuwa?"

Na durƙusa na gaishe ta a gurguje, na sake tambaya.

Ta ce, "Tana wurin aiki."

"Wane aiki kuma?"

"Aikin da ya fi dama mini fura. Je ki fadama ki gani, ki daina tsaya mini a ka."

Ashe ranar kasuwar Gwaram ta ga wani makaniki ya tayar da janareto da gas, mutane sun kewaye shi suna kallo. Ta kutsa ta tambaye shi ko injin ban ruwa ma zai yi. Ya ce zai yi mana, kafireta kawai za a canja, kuma gas ya fi fetur sauƙi da auki. Ta ba shi ɗan akuyarta. Ranar da Hamma ya tafi ɗaurin aure makaniki ya zo ya yi aikinsa, ya bar injin yana iya shan fetur yana iya shan gas. Aka ɗora tukunyar da na saya don ƙirjin Inna a amalanke aka kai fadama. Maƙwabcinmu mai albasa, wani dattijo, shi yake ja mata igiyar injin.

Na sami tukunyar a gindin mangwaro da rigarta ta zanen Inna, inji na ruri, jikinta ya yi raɓa, da na taɓa sai na ji sanyi kamar randa. Niyyata in kashe injin in ɗauke ta a ka. Amma sai na bi ruwan da ido har ƙarshen fili, na ga raken. Ganyensa duk ya nannaɗe, ƙasa ta daddare ana iya zura hannu, kuma gara ta fara gini a gindin na gefe, don gara ba ta raga wa rake mai ƙishirwa. Raken da na taso ina ɓuya a cikinsa. Na tsaya na rasa abin yi.

Hamma yana cikin masararsa, ya gan ni ya fito yana share gumi. Ko gaisawa ba mu gama ba na hau shi.

Na ce, "Hamma, kana gida Inna ta koma hura kara?"

Ya ce, "Ni na sa ta? Na yi magana har na gaji. Ke ma kin san halinta."

"Da ka sakar mata ruwa ai da ba ta yi ba."

Ya ce, "Da me? Kin san yadda nake samo galan ɗaya yanzu? Ki dubi masarar nan, ita ce tuwon yaran gidan har damina. In bar ta in shayar da abin da za a raba wa 'yan gaisuwa?" Sannan ya ƙara da maganar da har yau take ci mini rai. "Ke tsakaninki da Allah, haƙori nawa ne a bakin Inna?"

Kai! Zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa haƙoran da babu ɗin wurin tauna masa abinci suka ƙare lokacin da ba shi da ko ɗaya. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Mai albasa ya taso yana ba mu haƙuri. Hamma ba mugu ba ne, wannan na sani ko a lokacin, kuma lissafinsa daidai ne. Abin da ya ƙona ni shi ne yadda ya ɗauka rake don sha kawai ake shuka shi.

Na koma gida na sami Inna ta sauke tukunya, ta jingina da bango tana mayar da numfashi. Na zauna na fara lallashi. Na tuna mata maganar likita. Na ce rake dai rake ne, ana sayarwa a kowace tasha, ni zan riƙa aiko mata da dami duk lokacin da take so.

Ta dube ni ta ce, "Ki aiko mini."

Na ce, "E mana."

Ta ce, "Hamma ya ba ni tuwo, ke ki aiko mini rake, surukata ta miƙo mini sabulu. Ni kuma sai in shimfiɗa tabarma in zauna ina ta karɓa har Allah ya ɗauki raina. To idan baƙo ya zo gaishe ni, me zan miƙa masa nawa? Shanu sun tafi, nonon da nake ba mutane ya tafi. Wannan kaɗai ya rage da zan ce ungo. Idan ya mutu ina kallo, ki bar batun ƙirji, ba shi zai kashe ni ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi kukan, kuma na haushi ne.

Na ce, "To ji nan. Tukunyarki za ta dawo ɗaki yau ɗin nan. Idan na sake ganin kin hura kara, wallahi da hannuna zan tuge raken."

Ta ce, "Sai ki tuge in gani."

Na ce, "Ban gama ba. Rakenki ba zai kwana da ƙishirwa ba. Akwai wata tukunyar."

Washegari da safe ina Birnin Kudu. Na shiga kicin na kwance tawa tukunyar, na mirgino ta tsakar gida. Malam yana zaure da baƙi, da ya shigo ya gan ni ina ɗaure ta da igiya sai ya tsaya yana kallo. Mutum ne mai sanyi, duk abin da zai faɗa sai ya yi murmushi tukuna. Na zayyana masa komai ban ko numfasa ba, don na shirya rigima.

Ya ce, "To mu kuma da me za a dafa mana? Da tawada?"

Na ce, "Da abin da uwata ta dafa mini."

Ya ce, "Ke ba ki da ƙirjin?"

Na ce nawa sabo ne, zai jure rani ɗaya. Ya yi dariya ya ce uwa ce, ba shi da ta cewa, amma in yi girkin a fili, kada in shige ɗaki da hayaki. Shi da kansa ya ɗauko duwatsu uku daga bayan gida ya jera mini.

Matan gidanmu kuwa sun samu abin yi. Gida ne babba, kowane sashe da tukunyar gas ɗinsa, an daɗe da barin murhu sai ranar taro. Idan na fito da safe ina hura wuta sai in ji ana cewa, "Malama, yau ma sunan waye?" Wata ta ce ashe Fulatancin bai fita ba, rugar ce ta biyo ni birni. Ɗalibaina suna shinshina mayafina suna ƙunshe dariya. Itace ma ya yi tsada, sai na koma tsintar totuwar masara a wurin masu sussuka, ina haɗawa da kara. Totuwa akwai ci da wuta, amma kafin ta kama sai ta sa mutum hawaye. Na ce duk mai dariya ta yi da kyau, ko a jikina. Tuwon dai da na tuƙa ba wanda ya dawo da shi.

Wahalar gaske a hanya take. A ƙauyenmu ba inda ake ɗura gas, sai an kawo tukunya gari. Saboda haka duk hutun mako ina kan hanyar Gwaram. Direbobi wasu su ce ba za su ɗauki tukunya cike ba, wasu su ce sai dai a ɗaure ta a saman mota cikin rana, ni kuma in ce ba a isa ba. Sau da yawa ɗan acaɓa nake samu, in rungume ta a cinya kamar jaririya, ƙarfen yana dukan haƙarƙarina a kowane rami. Wani fasinja ya taɓa ce mini, "Hajiya, idan ta fashe fa?" Na ce to sai mu tafi tare, ka samu abokiyar hira.

Na koyi jan igiyar inji, don kunya ta hana ni kiran dattijo kullum. Ranar farko sai da kafaɗata ta kusa gocewa. Kuma tunda yanzu na san nauyin kowane ɗigon ruwa a cinyata, sai na zama marowaciya. Na hana a tayar da inji da tsakar rana, don rabin ruwan rana ce ke shanyewa kafin ya isa. Sai da sassafe ko bayan la'asar. Na bi hanyar ruwan da fartanya na toshe duk ramin ɓera. Inna ta sa na tattaro busasshen ganyen rake na shimfiɗa a gindinsa don ƙasa ta riƙe laima. Ita kuma akan kawo ta ta zauna a gindin mangwaro tana ba da umarni, wai ban iya riƙon fartanya ba, boko da allo sun lalata ni. Sannu a hankali ganyen ya warware. Hamma yana wucewa ta gabanmu, mu gaisa sama-sama, kowa ya kama gabansa.

Sai kuma gas ya fara ƙarewa da wuri. Tukunyar da takan kai ni mako har da saura, sai in zo in ɗaga ta in ji ta kamar gwangwani. Na zargi tiyo, na shafa masa ruwan sabulu ban ga kumfa ba. Na kusa zargin mai albasa, Allah ya rufa asiri ban furta ba. A lokacin kuwa fetur ya ɓace gaba ɗaya a yankinmu, ko da kuɗinka sai ka kwana biyu kana nema. Masarar mutane da yawa ta ƙone a tsaye. Ina tsaye ina wannan tunani sai na ɗaga kai na dubi ta Hamma. Kore shar, ta yi goyo, ƙasarta a jiƙe.

Ban tsaya rufe injin da buhu ba. Na isa gida ina huci.

Na ce, "Inna, Hamma yana satar mana gas!"

Ta ce, "Kul! Ɗana ba ɓarawo ba ne. Ni na ba shi."

Na ce, "Kika ba shi? Mutumin da ya ƙirga miki haƙora? Ni ina can ina shaƙar hayaki, ana mini dariya, ina rungumar ƙarfe a kan babur, don a shayar da masararsa? Ba kowa da mansa ba? Ai shi ya tuna mana ƙa'idar!"

Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, "Tukunyar ba kin ba ni ba?"

"Na ba ki don rake."

"To kin ba ni dai. Masara tana goyo, idan ta rasa ruwa yanzu ba ƙwaya. Ya zo nan, inda kike tsaye ɗin nan, ya cire hula ya tsuguna. Ya ce Inna ki taimake ni." Ta gyara zama. "Ke kin san rabon da yaron nan ya roƙe ni wani abu? Tun yana neman kuɗin alewa."

Na dubi fuskarta. Rabon da in ga Inna da irin wannan haske tun Baffa na da rai. Tsohuwa tana zaune ƙirji na kuka kamar ƙofar langa-langa, amma sai ka ce an naɗa ta sarauta. Haushina bai tafi ba, ban kuma ɓoye ba, na yi tsaki har sau biyu. Amma me zan ce? Abin da nake ta wahala don kada ta rasa, shi ne ta yi.

Ta ce, "Kuma ban ba shi a banza ba. Na ce duk totuwar masarar bana taki ce, ya kai miki har gida."

Haka aka yi. Na ƙara yawan zuwa, Hamma kuma ya karɓi rabin jigilar, shi yake kai tukunya ɗuri a babur ɗinsa idan ina aji. Ba mu zauna mun shirya ba, aiki ne kawai ya haɗa mu. Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ina Birnin Kudu, na fito tsakar gida na tsaya a cikinsa har Malam ya leƙo ya ce ko lafiya. Layin gefe gara ta cinye, amma sauran raken ya rayu. Masara ma ta yi. Wadda Hamma bai sayar ɗanya ba ya bar ta ta bushe don tuwon gida, kuma ranar da aka gama sussuka sai ga buhunan totuwa a ƙofar gidanmu. Tukunyata ta dawo kicin, amma sai da na ƙone totuwar nan tas, don haƙƙina ce.

Inna ba ta sake hura kara ba, wannan ina da shaida. Amma ƙirjin da ya sha hayakin shekaru masu yawa ba ya komawa sabo. Bayan damina, da aka fara girbi, numfashi ya gagare ta, muka kawo ta asibitin Birnin Kudu aka ba ta gado. Mutane suka yi ta zuwa dubiya daga ƙauye da cikin gari, wannan da lemo, wannan da kunu a kwano, wannan ya cusa mata wani abu a ƙarƙashin matashi. Tana amsa gaisuwa da ka, amma da sun fita sai ta juya fuska bango. Na ɗauka ciwo ne. Na tambaye ta ko in kira likita.

Ta ce, "Ki kira Hamma. Ki ce masa rake ya nuna."

Kafin azahar sai ga shi, dami guda ɗaure a bayan babur, ganyen yana jan ƙasa tun daga Gwaram. Ma'aikaciyar ɗakin ta ce ba a shan rake a nan, za a ɓata wuri da tuka, kuma gaskiyarta. Na ce mata ba wanda zai sha a ciki, ba su kawai za a yi. Ta dubi Inna, ta dube ni, ta ce to a tura shi ƙarƙashin gado. Na zauna a bakin ƙofa da wuƙa ina yankawa gaɓa uku uku.

Inna ta ce a tayar da ita zaune. Muka jingina ta da matashi, na tara mata yankakken raken a cinya. Duk wanda ya shigo, idan ya gama sannu da jiki zai tashi, sai ta ɗaga hannu da ƙyar ta ce, "Ungo." Ta ba 'yan dubiya, ta ba masu jinyar gadon kusa, ta ba mai shara, ta ba ita ma'aikaciyar da ta hana. Ba ta yarda in miƙa mata ba, sai da hannunta. Ranar ba ta juya fuska bango ba ko sau ɗaya.

Hamma yana tsaye a gefe duk wannan lokaci, ya rasa inda zai sa idonsa. Da zai tafi ya tsuguna ya yi mata sallama. Ta laluba cinyarta ta zaɓo mafi kauri.

Ta ce, "Ungo. Kai kana da haƙora."

Ashe ta sani. Ban taɓa gaya mata ba sai ranar da na yi suɓul da baka cikin faɗa, kuma na ɗauka ba ta kula ba. Hamma ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya fita. Da na leƙa ta taga na gan shi zaune a gindin bishiya kusa da babur ɗinsa, raken a hannunsa bai ɓare ba, kafaɗunsa na rawa.

Inna ba ta koma gida da ƙafarta ba. A makon nan Allah ya karɓi abarsa.

Ranar da aka fara zaman gaisuwa na ce wa Hamma a saro sauran raken, a bar na iri. Ya ce ya riga ya ware na irin, ya rufe shi da ganye a inuwa. Muka jibge dami a ƙofar ɗakin Inna. Duk wanda ya zo ya yi mana gaisuwa, ba ya fita sai da rake a hannu. Da aka zo rabon gado na ce ni a ba ni zirin nan na ƙarshe, ba wanda ya ja da ni. Har yanzu duk bazara tukunyata tana tafiya Gwaram, ni kuma in koma kan duwatsuna uku, matan gida su yi dariyarsu su gaji.

Masu cewa mun yi sakaci kuwa, na san su ɗaya bayan ɗaya, don duk sun zo gaisuwar. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina miƙawa. Ba wadda ta ce a'a a cikinsu, kowacce hannu biyu ta sa ta karɓa, wata ma har ta ce in ƙara mata na yara.